Ranar da Na Kai Ƙarar Ruwa Illela

Mun tashi da asuba, ana idar da salla, ni da ƙanin marigayi maigidana, a kan amalanken jakinsa. Na rungume tuluna a cinya kamar jariri, na toshe bakinsa da tsumma. Abin da ya fitar da tsohuwa irina daga ƙauyenmu na bayan Kalmalo, ku zauna ku ji, 'ya'yana.

Ni ungozoma ce. Rabin mutanen garinmu ni na yanke musu cibi, har da masu gemu. To, bana damina ta gaza, rijiyoyinmu suka ƙafe, muka koma ɗiban ruwan tafki. Tafkin kuwa ya ja baya, ya yi kore shar, kamar an kaɗa masa kuka. Ni ba na wasa da ruwan maijego. In tace shi, in tafasa shi har tukunya ta yi ƙara, sannan in dama kunun kanwa. Duk da haka masu jego uku da na karɓi haihuwarsu, su ukun suka kwanta da amai da gudawa. Allah ya tashe su, amma magana ta riga ta fita: wai hannuna ya ɓaci. Har jikata, mai cikin wata tara, surukarta ta aiko mini da gaisuwa, ta ce in huta, za su kira wata. Ɗiyar ɗiyata, a kira mata wata, ina raye!

Wata Bafulatana mai kawo mana nono, wadda maruƙanta biyu suka mutu bayan sun sha tafkin, ita ta ce mini a Illela akwai wani tsohon ma'aikacin ruwa mai wanke ruwa da lantarki. Ban san lantarki ba sai a bakin mutane. Na ce ko wuta ce zan je in gani.

Hanya yashi ce zalla, jaki na tafiya yana shawara. Muka wuce fadamun albasa, muka wuce masunta suna ɗinkin koma a inda bara ruwa ke kai wa mutum ƙirji. Mai jakin ya waiwayo ya ce, "Matata, mutane na kai ɓarawo gaban alƙali, ke tulu za ki kai?" Na ce, "Kai dai dubi gabanka. Jakinka ya fi ka sanin hanya."

Hantsi muka shiga Illela, ranar kasuwa. An ce soja sun rufe iyaka, amma ga mutanen Kwanni na ƙetaren iyakar nan fal, da dogon burodinsu kamar sandar kiwo. Ban tambaye su ta inda suka biyo ba. Albasa ta yi arha har ana taka ta, gero kuwa sai ka gaishe shi daga nesa. Na tsaya wurin wata mai masa, ta ce, "Inna, naira ko sefa?" Na ce ni dai masa na sani. Masar ta yi daɗi, ba a yi mata rowar mai ba.

Gidan mutumin na bayan tasha. Muka same shi a zaure, dattijo ne siriri mai tabarau. Na gaishe shi, na faɗa masa matsalata tun daga farko, bai katse ni ba. Sannan ya buɗe tulun, ya tsiyaya a kwano, ya duba, ya sake dubawa.

"Inna, wanga ba ruwan tafki ba ne."

"Shi ne, Malam. Na tace shi sau biyu, na tafasa shi."

"Don mi?"

"Haba Malam. In shigo gidan mai ilimi da ƙazanta a hannu?"

Mai jakin ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa sai na gane wautata. Na ɗauko shaida tun daga gida, ashe kunya ta sa na wanke shaidar da hannuna. Malam ya ce, "Haka kike ba masu jegon?" Na ce haka. Ya ce, "To, ai shi muke nema."

Ya jawo batirin mota daga ƙarƙashin benci. Ya juye ruwana a wata kwalba mai faɗin baki, ya tsoma falle biyu na farin ƙarfe, irin na tukwanen zamani, ya haɗa su da batirin ta wayoyi biyu. Na ja da baya, na yi bisimilla. Ba tartsatsi, ba hayaƙi. Sai wasu 'yan ƙananan kumfa suka fara hawa daga jikin ƙarfen. Muka zauna. Muka yi ta zama. Kamar tsawon dahuwar wake, sai ga wani abu ya taru a sama, kore-kore, mai yauƙi, a ƙarƙashinsa ruwa garau kamar idon jariri. Ruwan da na tace, ruwan da na tafasa!

Amma ni ma ba jiya aka haife ni ba. Na ce, "Malam, wa ya sani ko ƙarfenka ne ke amai? Sa ruwan gidanka mu gani." Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi murmushi, ya wanke kwalba, ya zuba ruwan rijiyar burtsatse da suke sha. Muka sake zama. Shi ma ya yi kumfa, amma fara tas, babu kore ko ɗigo.

Sannan ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce koren nan na tafki wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya rarrabewa, kuma suna da dafi. Wuta tana kashe su, amma dafin ba ya jin wuta, yana nan cikin ruwan. Lantarki shi ke tattara su wuri guda a kwashe. Na miƙa hannu zan ɗanɗana wanda ya wanke, ya riƙe kwalbar. Ya ce shi gwaji yake yi, ba zai rantse dafin ya fita duka ba. Na ce to ya ba ni aron batirin. Ya ce batiri ɗaya ba ya wanke wa gari ruwa. Magani shi ne maijego da jariri kada su kusanci tafkin nan sai ruwa ya sauko. Na so mutumin nan saboda bai faɗi abin da ya wuce saninsa ba.

Ya zuba mini kumfar nan biyu a kwalabe biyu, kore daban, fara daban. Muka cika tuluna a rijiyar burtsatse, mai jakin ya ari jarkoki huɗu ya cika. La'asar muka kama hanya, ya daina zolaya, jakin ne kawai ke gunaguni.

Ban sauka a gidana ba. Gidan surukar jikata na sa aka tsaya. Mata suka taru, na ajiye kwalabe biyu a kan turmi. Na ce ga ruwan da na tafasa, ga abin da ya rage a cikinsa. Ga kuma ruwan Illela. Mai jakin ya tsaya daga bakin ƙofa ya ba da shaida, har da labarin yadda na wanke shaidata, don kada dariya ta wuce shi. Kwalbar kore ta zaga hannu hannu. Wata a cikin masu jegon nan uku ta riƙe ta ta daɗe, sannan ta ce, "Inna, ki yafe mana."

Kwana shida bayan nan, da hantsi, aka yi sallama. Surukar ce da kanta, ba aike ba. Ta ce naƙuda ta tashi. Na je, na karɓi ɗiya mace, na yanke cibi da hannun nan da aka ce ya ɓaci. Kunun jikata da ruwan Illela aka dama shi, amalanke na zuwa ɗiba bayan kwana bibbiyu. An yi suna tana zaune daram, tana cin nama.

Na tsufa ina cewa ruwan da ya tafasa ya gama tsarkaka. Tafiyar yini guda ta nuna mini akwai abin da wuta ba ta ci, kuma in za ka kai kuka, ka kai shi yadda yake, ba sai ka yi masa wanka ba. Kwalbar koren tana nan a kan randata. Jiya surukar ta leƙo da tulu a ka, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Inna, wane ruwa za a ɗora wa maijego?"