Karatun Aji Da Na Kai Wa Gwaggona

Ina aji biyar na sakandare a Bagudo lokacin, yarinyar da ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai. Da hutu ya zo aka tura ni wani ƙauye kusa da iyakar Benin in taya gwaggona aiki. Abin da na fara gani da na shiga ɗakinta shi ne awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu saboda rama. Sai kuma wani gwangwanin madara a bayan jeren kwanuka, wanda take buɗewa kullum bayan sallar asuba ta haɗiyi ƙwaya ɗaya.

Ranar zuwa asibiti ta tafi da ni. Aka ce mata sojojin jikinta sun fara ƙaruwa, kada ta yi wasa da magani. Nan na gane cutar nan ce mai karya garkuwar jiki. A hanyar komawa ta ce tunda ni 'yar boko ce, in gaya mata su wane ne sojojin nan. Ba a saba tambayata komai ba, sai bakina ya buɗe. Na kwashe abin da malaminmu ya koya mana na zuba mata: akwai ƙwayoyin jini masu tada sauran su yi yaƙi, kuma masana suna gardama kan abin da ke farkar da su. Wasu sun ce ganin baƙo ya isa, wasu sun ce sai sun ji alamar an yi wa jiki ɓarna. Ta yi dariya ta ce ashe likitocin ma lalube suke yi.

Ranar kasuwa ta hau kabu-kabu ta tsallaka iyaka, ta dawo da jarkar wani mai magani da ya rantse mata ruwansa yana tada jini. Daga ranar ban ƙara jin an buɗe gwangwanin ba. Na lura sarai, amma kunya ta hana ni yi wa babba gyara. Hutu ya ƙare, na koma makaranta da bakina a rufe.

Yanzu tana kwance a asibiti, tari ba ya barinta, harshenta ya yi fari fat. 'Yan uwana ɗalibai, guntun ilimi a kunnen mara lafiya guba ne. Gardamar masana ba a kan maganinta take ba, amma ban faɗa mata haka ba.

Jiya na tare ma'aikaciyar jinya a bakin ƙofa, na roƙe ta don Allah ta tsaya kusa da ni in gaya wa Gwaggo da bakina cewa gardamar nan ba ta shafi maganinta ba, ta koma shan sa.