Wa Za a Ba Ƙundu

Fiye da shekara arba'in ina dafa kaza a gidan nan na unguwar Changli, ban taɓa sanin ɗanɗanon ƙundu ba. A gidanmu da gidajen da ke kewaye da mu, Dagomba da mu 'yan zango duka, ƙundun kaza na mai gida ne. In an ajiye masa kwano, kafin ya kai loma baki sai ya sa yatsa ya tona. In ya ga ƙundu, to kaza ta cika. In bai gani ba, ko cinya goma aka jera masa zai ture kwanon ya ce wannan ba tasa ba ce. Mijina, Allah ya jiƙansa, mai gyaran keke ne a bakin hanyar kasuwa, mutum ne da ko akuya ba ya yi wa tsawa, amma a kan ƙundu ba ya wasa.

Ya rasu a farkon damina. Na zauna takaba wata huɗu da kwana goma, ban hura wuta ba, 'yata da ke aure a unguwar Kalpohin ce ke aiko min da abinci. Ina zaune a ɗaki, amma kunnena yana tsakar gida, kuma duk abin da ake ƙullawa ina ji.

Mutum biyu ne ke ƙullawa. Na farko ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa ko a rubuce. Ma'aikacin gwamnati ne, ya gina gida a unguwar Vittin, ƙasa duk tayil, mutum ya taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa sai ya tsinci kansa a kwance. Shi so yake ya kwashe ni can, a zuba 'yan haya a nan.

"Mma, kin tsufa da hayaƙi," in ji shi. "Can akwai gas. Murɗawa kawai za ki yi."

Na biyu ƙanen mijina, mai fataucin doya. Shi kuma cewa yake gidan yayansa ba zai zauna ba namiji a ciki. Zai taso da iyalinsa, su karɓi ɗakunan gaba da madafi, ni a mayar da ni ƙaramin ɗakin baya, kusa da makewayi, in huta.

Kowa hutu yake nema min. Ni kuwa ban gaya wa kowa na gaji ba.

Aka sa Juma'ar farko bayan na fita takaba, za a taru a ci abinci a yanke magana. Ba wanda ya furta, amma kowa ya sani, har matan maƙwabta: wanda na sa wa ƙundu a kwano, na karɓe shi mai gida ke nan, maganarsa ce za ta tsaya. In ɗana ne, sai Vittin. In ƙanen mijina ne, sai ɗakin baya. Ta kowane ɓangare na rabu da murhuna da tsakar gidan da na share tun ina amarya.

Ran Alhamis da la'asar sai ga surukata, matar ɗana, a kan moto, wato babur, da baƙar leda tana ɗigar ruwa. Yarinyar kirki ce, ta durƙusa har ƙasa.

"Mma, ya ce kada ki wahala da figa. Ga cinyoyi daga wurin masu kajin ƙanƙara, an riga an gyara."

Na buɗe na duba. Cinyoyi ne manya, farare fat, kamar an wanke su da sabulu. Nan take na gane dabarar. Ɗana bai yi boko a banza ba. Cinya ba ta zuwa da ƙundu. In babu ƙundu, babu abin da za a jira daga hannuna, maza biyu su zauna su raba ni a tsakaninsu ina zuba musu ruwan wanke hannu.

Na ce, "'Yata, kazar nan ina kanta? Ina cikinta? Wa ya yanka ta, ina ta fuskanta?"

Ta yi dariya tana rufe baki. "Mma, kowa fa yanzu ita yake ci."

"To kai wa kowa. Soya wa jikokina, ki ce daga ni. Shi kuma ki gaya masa ina da zakara."

Ina da shi kuwa, ja, mai taurin kai, wanda ya addabi unguwa da cara. Da safiyar Juma'a ƙanen mijina ya riga kowa zuwa, cikin babbar riga, sai ƙamshin turare yake. Na miƙa masa wuƙa. Tsakanina da shi wasa ne tun ranar da aka kawo ni gidan.

"Matar yaya," in ji shi yana nannaɗe hannun riga, "ki adana min abin nan fa."

"Wane abu?"

"Kin fi ni sani."

"Kai da na zo na tarar kana yawo ba wando, majina har baki? Yanka min zakara, kada jini ya ɓata maka rigar sarauta."

Ya yi bismilla ya yanka, yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Bari in faɗi yadda nake dafa abin nan, don ba kowa ya iya ba, kuma masu cewa sun iya yawancinsu dafa-duka suke yi su ɗora kaza a kai. Tukunya ɗaya ce tun farko har ƙarshe, dadesen, ta ƙarfen nan mai nauyi da ba a ɗauka da hannu ɗaya. Bayan figa sai na babbake zakaran a wutar karan masara har fatar ta ɗan yi ja, tun daga nan hayaƙi ke fara shiga. Na yayyanka, na shafe shi da yajin da na daka da hannuna: ƙuli-ƙuli, citta, kanumfari, masoro, barkono, tafarnuwa, gishiri. Irin wanda masu cicinga, wato tsire, ke barbaɗawa a bakin titi, sai dai nawa ba a cika shi da garin masara.

Ina zaune ina gyara ƙundun, na tsaga, na zubar da tsakuwar ciki, na ɓare fatar nan mai ruwan ɗorawa, sai na tsaya ina kallonsa a tafin hannuna. Ɗan abu ne, bai kai rabin lemon tsami ba. Na ɗaga kai na dubi katangar da na yaɓe da hannuna damina uku a jere lokacin da mai gidan ke fama da ƙafa. Na dubi ɗakin da na haifi 'ya'ya shida, na yi wa biyu wanka na ƙarshe. Sai na tambayi kaina, wai wa ya ce mutum biyu ne kaɗai ke da baki a gidan nan? Na wanke ƙundun, na shafa masa yaji fiye da saura.

Na ɗora dadesen a kan duwatsu uku, da itacen kaɗanya, don shi ne garwashinsa ke daɗewa. Man kaɗe kaɗan, sai ya daina kumfa. Na jera naman, fata a ƙasa, na ƙyale shi. A nan 'yan mata ke ɓata abu, hannunsu ba ya haƙuri, sai juyi. Ba a taɓawa sai fatar ta kama, ta yi baƙi-baƙi a gefe kamar an gasa. Na juya sau ɗaya, na kwashe a kan murfi. A cikin man da ya bari na zuba albasa, markaɗaɗɗen tumatir da attarugu, daddawa dunƙule guda. Duk abin da ya maƙale a gindin tukunya na kankare shi ya narke a ciki, shi ne ran abincin. Shinkafar gida ce, sabuwa, na rairaye ta sau uku saboda tsakuwa. Na zuba, ruwa ya hau ta da gaɓar yatsa ɗaya, na mayar da naman a sama, na cusa ƙundun can tsakiya na binne shi. Na janye itace, na bar garwashi.

Ba na buɗe tukunya in duba. Da kunne nake dafa shinkafa. Da farko tana ɓul-ɓul, sai ta koma huci, sai ka ji ɗan ƙas-ƙas daga ƙasa. In ta kai nan ta nuna. Sai na ɗauko garwashi guda, ja wur, na ɗora a kan tsingaro, na zaunar da shi a kan shinkafar, na ɗiga masa man kaɗe. Hayaƙi ya tashi fari, na rufe da sauri, na lulluɓe murfin da jiƙaƙƙen buhu. Maza suna masallaci, hayaƙi yana aikinsa.

Da suka dawo aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Ɗana a dama, ƙanen mijina a hagu, 'yata da surukata can gefe. Matan maƙwabta uku sun shigo aron abin da ba su buƙata, suka tsaya a bakin zaure. A al'ada a madafi ake rabo, a kawo kwanuka a rufe. Ranar na ce 'yata da surukata su kama min tukunyar, muka dire ta a tsakiyar kowa. Na ja kujerata na zauna.

Na ɗaga murfi. Ƙamshin ya bugi ƙanen mijina, ya manta da kansa ya ce, "Kai! Yaya ya ci duniya."

Na zuba masa cinya da ƙirji. Na zuba wa ɗana ɗaya cinyar da fiffike. Na zuba wa mata. Ba wanda ya sa hannu. Idanu duka suna kan ludayina. Na tona tsakiya, ƙundun ya fito, ya sha yaji, ya yi ja. Na ɗauke shi da yatsu. Tun ina ƙarama ake gaya mana macen da ta ci ƙundu ta raina maza, kuma uwata da ta haife ni ta mutu ba ta taɓa ci ba. Na ji kamar tana tsaye a bayana.

Na yi bismilla da ƙarfi, yadda na bakin zaure za su ji, na jefa shi a bakina.

Wayyo. Ba wanda ya taɓa gaya min abin nan taurin tsiya gare shi. Ƙundun tsohon zakara ne, ni kuwa turamen da suka rage min ba su da yawa, kuma ba sa fuskantar juna. Na tauna ta dama, ya gudu hagu. Na bi shi hagu, ya dawo. Tofarwa ba ta yiwuwa, haɗiya ba ta yiwuwa. Na miƙe wuya, na kafa wa ƙanen mijina ido, na ci gaba da tauna kamar abin da nake yi ke nan kullum.

"La'ilaha illallahu," in ji shi. "Mace?"

Na ɗaga masa yatsa, alamar ya jira. Ya jira kuwa. Kowa ya jira. Surukata ta sunkuyar da kai, tana danne dariya. Sai da na ga dama, wato sai da abin ya yarda, na haɗiye, na sha ruwa.

Na ce, "Mijina ƙarami, ɗakin baƙi yana nan, duk ranar da ka kawo doya kasuwa ka kwana, ka ci tuwona. Amma iyalinka su zauna inda suke." Na juya wajen ɗana, ban dubi fuskarsa ba. "Kai kuma, gas ɗinka Allah ya sa albarka. Ranar da ƙafata ta kasa kai ni murhu, ni zan aika a kira ka. Ba yau ba ce."

Ƙanen mijina ya fara magana a kan al'ada, da abin da mutane za su ce. Ɗaya daga matan bakin zaure, tsohuwa Badagomba da muka tsufa tare, ta ce daga can, "Mutanen ga mu nan, Alhaji. Ci abincinka yana hucewa."

Ɗana ya daɗe yana juya loma a hannu. Na san shi, in yana haka ko fushi ne ko dariya yake dannewa, tun yana yaro ba a bambancewa. Can ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakina.

"To Mma, tunda gida ya sami mai shi, kwanon rufin can yana yoyo. Mai gida ke kula da rufi."

"Turo kafinta ran Litinin," na ce. "Ni zan nuna masa inda ke zuba. Ku da ba ku kwana a ciki, ina za ku sani?"

Ƙanen mijina ya cinye kwanonsa tas kafin ya tafi cikin fushi, bai yi min sallama ba. Wata biyu bai tako gidan ba. Ran da ya dawo, doya biyar ya dire a bakin madafi, ya tsaya yana gyaran murya, ya rasa da wane suna zai kira ni. Na bar shi a tsaye har sai da na gama tankaɗe.

Kafinta ya zo ran Litinin ɗin da hantsi. Na ja kujerata tsakar gida, na zauna da sanda a hannu ina nuna masa. Ya ce wuri biyu ne. Na ce uku. Ya hau ya duba, ya leƙo daga sama ya ce, "Hajiya, uku ne."