Kiyashin Bakin Magudana

Ranar Talata, 9 ga Maris, 1999, na fara ganinta, da ta zo in rubuta sunanta a rajistar ma'aikata. Aikinta wanke tankuna ne a ɗakin da ake gasa ruwan jini, wato ruwan nan mai rawaya da ke saura idan an ware ƙwayoyin jini. Kafin wata ya ƙare kowa na ce mata Inna Soso, don soso ba ya barin aljihun rigarta.

Ana ɗora ruwan a zafin digiri sittin har awa goma don a kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai zafin kan dafa furotin ɗin da majinyata ke buƙata, ya dunƙule kamar farin ƙwai. Shi ya sa ake narka sukari mai yawa a ciki tukuna, ya kare shi.

A shekararta ta shida aka kawo sabon tanki, zubi uku a jere suka lalace. Takarduna sun nuna awon sukari daidai, zafi daidai. Laifi ya faɗo kan mai wanki. Ni na buga takardar gargaɗi: in zubi na huɗu ya lalace, ta ajiye soso.

Ba ta roƙi kowa ba. Da safe ta tare shugaban ɗakin, ta ja shi bayan gini inda ruwan wankinta ke fita. Kiyashi sun yi baƙi a bakin magudanar. Ya ce ba kallon ƙwari ya zo yi ba.

"Ɗana, shekara biyar ban gan su nan ba," in ji ta. "Datti suke bi ko zaƙi? Sukarinku a gindin tanki yake kwanciya, ni nake kankare shi. Ko shayi ba ka taɓa motsawa ba?"

Aka auna muciyar injin da ke motsa ruwan a sabon tankin, aka tarar saura taƙi guda ta kai ƙasa. Injiniya ya ƙara mata tsawo. Zubi na huɗu ya fito garau, har shugaban ya ɗaga kwalba yana nuna wa masu wucewa. Ni kuma na ciro takardar daga fayil na yaga, abin da ban taɓa yi ba.

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya. Tun daga lokacin ba a rufe zubi sai mai wanki ta duba gindin tanki ta sa hannu. Ta yi ritaya a 2016, tana zaune wajen babbar 'yarta.