Ranar da Sahura ta faɗi sunan mijinta

Wata rana, a wani babban asibiti da ba sai na faɗi garinsa ba, aka kwantar da wani dattijon tela, Malam Ɗayyabu.

Matarsa Sahura ce mai jinya.

Ciwonsa ba na yau ba ne. Ciwon daji ne da ke zama a cikin ɓargon ƙashi, likitoci suna ce masa mayeloma. Yana cin ƙashi ta ciki kamar yadda gara ke cin azara. Mutum yana tsaye ana gaisawa, ashe an rarake shi.

An yi masa magani, ya lafa, ya dawo. Aka sauya wani, ya lafa, ya sake dawowa.

A dawowa ta uku likita ya ce akwai wata allura da ake yi a ƙarƙashin fatar ciki. Ita ba da kanta take yaƙin ba. Sojojin jinin mutum take kamowa, ta kai su har bakin ciwon, ta nuna musu shi.

Sahura ta ji.

Ku san wace ce Sahura tukuna. Mace ce da ba ta sayen gero sai ta tura hannu har gindin buhu. Ba ta yi boko ba, amma ba a taɓa sayar mata da manja mai gauraye ba. Kuma shekara arba'in da ɗaya tana gidan mijinta, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Malam take cewa, ko Baban Kubura.

Ranar da suka zo, mai rubuta suna a bakin ƙofa ya tambaye ta sunan mara lafiya. Ta kawar da kai. Sai da babban ɗanta ya dawo daga ajiye mota ya faɗa. Wata nas mai suna Rifkatu tana tsaye a wajen, ta yi murmushi, don ita ma haka uwarta take.

Aka zo allurar farko.

Sahura ta zuba wa sirinji ido. Abin da ke ciki ko kaza aka yi wa ba za ta ji ba.

Ta ce, "Ke 'yar nan, sauran fa?"

Rifkatu ta ce, "Da gangan ne, Mama. Kaɗan yau, a ƙara bayan 'yan kwanaki, sannan a yi cikakkiya. In aka zuba duka lokaci ɗaya, sojojin jinin sukan tashi gaba ɗaya, su afka wa mai gidan da suka zo tsarewa."

Sahura ta gyaɗa kai. A ranta kuwa cewa ta yi, haka mai awo ke faɗa in ya danne tiya.

Sai aka ce bayan kowace allura cikin ukun farko, sai ya kwana biyu a gadon asibiti ana duba shi.

Mutumin da ke zuwa bayi da ƙafarsa, yana cin tuwo malmala biyu.

Zargi na biyu ke nan.

Na ukun shi ya fi ci mata rai. Safe da yamma Rifkatu takan zo da takarda da biro, ta tsaya a kan dattijo.

Baba, yaya sunanka? Ina muke yanzu? Wane wata ne? Wannan da ke hannuna mene ne?

Sannan ta miƙa masa biro ya rubuta magana ɗaya, ita ɗin dai kullum. Shi ya zaɓi abin da ya shekara yana rubuta wa masu kawo ɗinki: Riga biyu da wando, a karɓa ranar Alhamis.

Malam dariya yake yi. Yakan ce an mai da shi ɗan aji ɗaya da furfura.

Sahura ba ta dariya.

Mutumin da ya yi wa rabin unguwa ɗinkin sallah, yarinya sa'ar 'yarsa Kubura ce ke tambayarsa ko ya san biro. Kuma takardun ba a yar da su. Jera su take a cikin wani kwali, ta tafi da su.

Rubutun hannun mutum ba abin bari wurin baƙo ba ne. Haka aka koya wa Sahura.

Ta yi ta juya abin, ta tsaya a kan biyu. Ko dai sun mai da shi zakaran gwajin dafi, ko kuwa shaida suke tarawa, ranar da ya kuskure su rubuta cewa ya zautu.

Rifkatu kuwa tun ranar farko ta ja ta gefe ta ce, "Mama, ke ce idonmu a nan. In kin ga zazzaɓi, ko rawar sanyi, ko jiri, ko numfashi sama-sama, ko magana ta rikice masa, ki kira ni nan take. Kada ki ba shi komai daga jakarki, ko farasitamol ne. Yana ɓoye mana zazzaɓin."

Sahura ta ce to.

Irin to ɗin da ake ce wa dillaliya.

Allura ta farko ta wuce lafiya. Ta biyu ma, sai ɗan ciwon kai.

Ana cikin haka Kubura ta haihu. Namiji. Aka aiko cewa sunan kakansa zai ci, suna ranar Asabar.

Malam ya kasa rufe baki. Ya tambayi likita, likita ya ce allura ta uku ranar Laraba ce, in kwana biyu suka wuce babu zazzaɓi babu komai, Juma'a da yamma sai gida.

Sahura ta riƙe wannan magana da kyau. Babu zazzaɓi, sai gida.

Alhamis bayan azahar ta miƙa masa shayi, hannunta ya taɓa goshinsa.

Zafi kamar murfin tukunya.

Haƙoransa suna haɗuwa. Ya ce ta ƙara masa bargo.

Ta dubi ƙofa. Ta dubi mijinta. Ta tashi ta ja labule.

A ranta ta ce abin da suke jira ke nan. Su sami dalilin riƙe shi, a yi sunan takwaransa ba shi, su ci gaba da gwajinsu. Zazzaɓi kuwa wane iri ne ba ta gani ba? Ta raini 'ya'ya shida.

Ta buɗe jaka ta ɓallo farasitamol biyu. Ta jiƙa tawul ta ɗora masa.

Da la'asar aka zo awon zafi, aka ga ya ɗan ɗaga kaɗan, ba abin tashin hankali ba. Mai awon ta wuce gado na gaba.

Sahura ta sauke ajiyar zuciya. Ta ɗauka ta yi nasara.

Sai ta tuna saura tambayoyin yamma. Ta ce bari ta yi masa tilawa kafin yarinyar ta zo. Ta yago takarda daga jikin kwalin shayi, ta sa masa biro a hannu.

"Malam, rubuta abin nan naka."

Sahura ba ta iya karatu ba, amma ta san rubutun mijinta kamar yadda ta san tarinsa. Tafiyar tsutsa ce, a jere, a miƙe.

Abin da ya fito ranar nan kamar kaza ta yi tono. Layin ya faro daga sama ya gangaro, ya faɗi a gefen takarda. Malam ya tsaya yana kallon biron.



Nan ne ya kamata ta kira. Ƙofa taku goma ce.

Ba ta kira ba. Ta ninke takardar, ta haɗa da ragowar maganin, ta ƙulle a haɓar zani.

Kafin magariba Rifkatu ta shigo da kwalinta.

"Sannu Baba. Yaya sunanka?"

Malam ya dube ta ya yi murmushi. Ya dubi rufin ɗaki. Yatsunsa suna ta tura bargo gaba a hankali, kamar yadi a ƙarƙashin keken ɗinki.

"Baba, sunanka."

Ya ci gaba da tura bargon.

Sahura ta matso kamar mai gyara matashin kai. Ta sunkuya daidai kunnensa. Abin da ba ta yi ba a ɗakinta, ba ta yi ba a gaban iyayenta, ba ta yi ba ko a cikin fushi, ta yi shi a ranar.

Ta ce a hankali, "Ɗayyabu."

Ya maimaita, "Ɗayyabu."

Rifkatu ta ajiye biro.

"Mama, ranar da kuka zo, ɗanki kika jira ya faɗi sunan nan. Yau a bakinki na ji shi."

"Kunnenki ne."

"Tun yaushe ya fara?"

"Asirin mijina nake rufewa. Ba za ku rubuta a takarda cewa ya zautu ba."

"Ba hauka muke nema ba, Mama. Allurar ce kan taɓa ƙwaƙwalwa in ta yi ƙarfi, kuma muna da abin saukar da ita in mun gani da wuri. Rubutun nan don haka ake yinsa. Abin da kike rufewa shi zai cinye shi. Tun yaushe?"

Sahura ta dubi mijinta. Yana nan yana ɗinkin bargo, bai san ana magana a kansa ba.

Ta kwance haɓar zani. Takarda ta faɗo, magani ya biyo.

"Tun azahar."

Rifkatu ba ta tsaya yi mata faɗa ba. Babu lokaci. Ta fita da sauri, ta dawo da likita da wasu biyu. Aka auna, jininsa ya yi ƙasa, zafin ya dawo ya fi na da. Aka ɗaura ƙarin ruwa, aka sa masa abin numfashi a hanci, aka yi wasu allurai ta jijiya. Aka tura gadon zuwa ɗakin da ba a barin mai jinya ya shiga.

Sahura ta zauna a kan tabarma a bakin ƙofa. Ko sallar magariba sai da wata mai jinya ta tuna mata.

Washegari likita ya fito, ya tsaya a kanta. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Da takardar nan ta kwana a zaninki, da yanzu wani zancen ake yi."

Ya wuce.

Aka yi suna ranar Asabar babu Malam, babu Sahura. Ragon da Malam ya ce shi zai tsaya a kan yankansa, a waya aka nuna wa Sahura hotonsa. Ba ta iya kallo ba.

Lahadi da safe aka bar ta ta shiga. Rifkatu ta miƙa masa biro. Ya karɓa, ya gyara zama, ya rubuta.

Riga biyu da wando, a karɓa ranar Alhamis.

A jere, a miƙe.

Rifkatu ta buɗe kwalin nan da Sahura ta tsana, ta jera mata takardun a kan gado tun daga ta ranar farko. Ta sa ta kwalin shayi a tsakiya. Ko makaho ya shafa zai gane wadda ta fita daban.

Sahura ta daɗe tana kallo. Ba ta ba da haƙuri ba, don ba ta saba ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ki ajiye su da kyau."

Ban ce muku ya warke ba. Wannan ciwo ba a yi masa alkawari. Ya lafa, kuma har yanzu ana kai shi allura a ranakun da aka sa masa.

Da za a sallame su aka ba shi wani ɗan kati, aka ce duk asibitin da ya shiga, ko haƙori ya je cirewa, ya nuna, don su san allurar da ke jikinsa. Aka ce kada ya tuƙa babur sai likita ya yarda. Aka ce garkuwar jikinsa ta yi rauni, ciwon da wani zai kwana biyu ya tashi, shi zai iya kayar da shi.

Sahura ta ɗinke wa katin aljihu a cikin kowace rigarsa.

Kada ku ɗauka ta daina zargi. Hali zanen dutse ne. Har yau in za a yi allura sai ta leƙa sirinji. Sai dai yanzu zargin ya koma kan masu zuwa dubiya. Duk wanda ya yi tari a zaure, a zaure zai yi gaisuwarsa ya koma, ko limamin unguwa ne. Ranar da jikin Malam ya ɗan yi ɗumi bayan wata biyu, kafin ya gama cewa ba komai ta riga ta kira mai mota.

Jaririn kuwa, tun da sunan mijinta ya ci, Maigida take ce masa.

Rannan suna zaune a tsakar gida, Malam yana riƙe da takwaransa, ya dube ta ta gefen ido.

"An ce a asibiti kin faɗi sunana. Ni ban ji ba. Sake faɗa in ji."

Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

"Sai dai in ka sake mantawa. Kuma ba za ka sake ba, don ni zan fara kai ƙararka."

Darasi: Zargi ba laifi ba ne, ni ma ina da shi. In ba ka gane abin da ake yi wa naka ba, ka tambaya, ka sake tambaya, har su gaji da kai. Amma kada ka ɓoye wa mai magani abin da idonka ya gani. Zazzaɓin mai irin wannan allura ba zazzaɓin gida ba ne, ba a danne shi da abin da ke cikin jaka, ba a jira gari ya waye. Rufin asiri yana da wurinsa, gadon asibiti ba ya ciki.

Wanda ya karanta ya tura wa duk mai jinyar da ya sani, musamman irinmu tsofaffi masu taurin kai. Wadda ba ta iya karatu ba, a zauna a karanta mata har ƙarshe.