Bel a Kujerar da Ke Kallon Baya

Motar 'yar Kwatano ce, na saye ta don jigilar dankalin turawa. Ranar da aka kawo ta ƙofar gidana a Tudun Wada na zuge ƙofa, sai na ga ashe ɗaki na sayo. Ga gado, ga wurin wanke kwanuka, ga ɗan teburi, har da labule mai furanni. Wai can ƙasar da ta fito, mutum yana da gidansa lafiya lau, sai ya kulle shi ya tafi daji ya kwana a mota, kuma sunan abin hutu. Ni aji uku na yi a firamare aka sallame ni, ban kai darasin da ake bayanin wannan ba.

Na ɓalle gadon, na cire teburin, kwanon wanke-wanken kuwa maƙwabciyarmu ta karɓe tana ba kaji ruwa a ciki. Abu ɗaya na bari: wata 'yar kujera da ke jingine da bayan kujerar gaba, dab da ƙofar da ake zugewa, ta juya wa titi baya. Akwatin katako ne kawai da katifa a kai. Kada wani ya ce hangen nesa ne. Gajiya na yi da kwance noti.

Bayan wasu shekaru mai ɗakina ta samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren hagu. Da ta ɗan farfaɗo, likita ya ce a riƙa kawo ta gashin ƙashi duk Talata da Juma'a, kuma kada a yi fashi, don ƙafar da ta fara motsi tana iya komawa ta kwanta. Keke ba ta iya hawa. Kujerar gaba ta yi mata tsawo. Wannan akwatin katakon ne kaɗai take iya zama a kai: ta dafa ni, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta juya, shi ke nan ta zauna. Har ta ce kujerar ta fi mata, tunda ba ta ganin tuƙina, hawan jininta ya samu hutu.

Wata Talata muna dawowa, wani jami'in kan hanya ya tsayar da mu a Tina Junction. Ya duba takardu, ya ga bel ɗina a ɗaure, ya leƙa baya ya gaishe ta.

Ya ce, "Baba, ina bel ɗin Mama?"

Na ce, "Yallaɓai, ai baya take kallo."

"To, sai me?"

Na gyara zama. Na ce idan na taka birki, mai kallon gaba shi ne zai wuntsila. Mai kallon baya kuwa jinginar kujera ce za ta tare shi. Don haka bel a wurinta ado ne.

Ya ce, "Baba, a wace makaranta ka karanta wannan?"

"A kan sitiyari, tun ba a haife ka ba."

"In aka buge ku ta baya fa? In kuka sha kwana da gudu?"

Na ce ni ba na gudu. Daga bayan mota sai na ji muryar mai ɗakina: "Ƙarya yake, ɗana."

Jami'in ya danne dariyarsa. Ya ce yau ya ƙyale ni saboda Mama, amma in ya sake ganin mutum a kujerar nan ba bel, motar ba za ta wuce ba. Na ja mota ina ta sababi. Shekara nawa kujerar nan ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba, yau an wayi gari ta zama abar tuhuma.

Ban gama sababin ba wani mai keke ya faɗo mini daga lungu. Na murɗa sitiyari hagu. A madubi na ga ɗankwalinta ya sulale ya ɓace. Na tsaya na zagayo, na same ta ta zame ta jingina da ƙofa, ta ɓangaren da ba ya iya tokare ta. Ba ta ji ciwo ba, Allah ya tsare. Ina ɗaga ta ta ce, "Malam, ilimin naka ne ya zame, ko ni ce?"

Duk da haka sai da na kai maganar majalisarmu ta wurin mai shayi, ko zan samu mai goyon bayana. Wani ya ce tsohuwar mota doka ba ta hau kanta ba. Wani ya ce a cire kujerar a huta. 'Yata da ke aure a Kaduna ta karanto mini dogon turanci a waya, sai da kunnena ya yi zafi sannan ta ce ashe dokar wata ƙasa ce. Kowa malami ne a kan kujerar da bai taɓa zama a kai ba, ga Juma'a tana matsowa.

Laraba da safe na kai motar unguwar Congo-Russia, wurin wani bakanike ɗan ƙabilar Ibo da muka daɗe tare. Ya ƙwanƙwasa kujerar da sifana ya girgiza kai.

"Oga, wannan katako ne. Ka ɗaura bel a nan, in an yi haɗari Madam da kujera duka za su tashi tare."

Ya ce sai ya yi waldar ƙarfe a cikin akwatin, ya kafe shi da noti a ƙasan mota, sannan bel ya kama ƙarfen. Na ce ya yi. Ya tambaye ni wane gefe zai sa makullin, wato inda ake dannawa bel ya buɗe.

Na ce, "Dama. Ka ji ko? Hannun dama. Hagu ba ya aiki." Sau uku na faɗa, har da nuna masa yatsa, don a ganina shi ne ba ya jin Hausa sosai.

Juma'a da sassafe, ga sanyin Jos yana yankan kunne, na zaunar da ita na zagayo da bel na ɗaure, ina jiran a yaba mini. Ta lalubi gefen damanta, ba komai. Makullin yana can ƙasan ƙugunta na hagu, a matse da ƙofa. Ta miƙa hannu, ta sake miƙawa, ba ta kai ba.

Ta ce, "Kwance ni."

Na ce ai ina nan, in mun isa zan kwance ta.

"In kai ne ka suma fa? In wuta ta kama? Wanka a yi mini, zani a ɗaura mini, yanzu kuma fita daga mota ma sai na roƙa? Kwance ni, Malam. Abin da ba zan iya buɗewa da kaina ba, ba na zama a cikinsa."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na tuna mata maganar likita. Ta ce ta ji. Ranar ba mu je asibiti ba. Na mayar da ita ɗaki, tana jan ƙafar.

Na isa garejin ina huci. Na ce wa bakaniken dama na ce, dama, ko sai na kawo tafinta? Sai ya kama hannuna ya zaunar da ni a kujerar direba.

"Oga, ɗaga hannun dama."

Na ɗaga. Ya ce in nuna gefen da ya sa makulli. Gefen ne. Ya sauko da ni ya zaunar da ni a akwatin katakon, ina kallon baya.

"To, ɗaga hannun dama kuma."

Na ɗaga. Makullin yana ɗaya gefen. Na zauna hannu a sama, mutanen gareji duk sun bar aikinsu suna kallona.

Ya ce, "Ni daman mota na sani. Ba ka ce mini daman Madam ba."

Na ce ai mai hankali zai gane. Ya ce to me ya hana ni ganewa ranar Alhamis da na zo ɗaukar mota, har na ce aiki ya yi kyau. Na ce ya bar surutu ya ɗauko sifana.

Ya juya makullin zuwa ɗaya gefen. Wannan karon ban yarda da kaina ba. Na zauna, na soka hannun hagu a aljihu, na ɗaure na kwance da dama kaɗai har sau biyar, yana tsaye yana tambaya ko zai ba ni takardar shaida.

Da Talata ta zo na zaunar da ita, na kai hannu zan ja bel. Ta buge mini hannu. Ta jawo shi da kanta, ya kufce, ta sake jawowa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, bakina yana ƙaiƙayi. A karo na uku ya shiga. Ta danna ya buɗe. Ta sake ɗaurewa, ta sake dannawa, ta ɗaure.

Sannan ta ɗago ta dube ni. "Ka tsaya kana kallona kamar ba ka san ni ba. Rufe ƙofa mu tafi, ka sa na rasa Juma'a, kada ka haɗa da yau."