Kadan da Na Koya wa Amsa Kwano

Jama'a, wallahi tallahi ni abin nan ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekarun baya ina aiki a wani lambun shaƙatawa bayan Samaru, ta hanyar Shika, inda maigidana ya gina tafkin siminti ya saka ƙaton kada saboda 'yan kallo. Ɗalibai da mutanen Sabon Gari su cika wurin, kowa waya a hannu, shi kuwa gogan ya lafe a ƙasan ruwa abinsa. Ni da iyayina sai na ƙirƙiro dabara: in ƙwanƙwasa kwano sau uku, in jefa masa kaza mai rai. Kafin wata biyu, da ya ji kwano sai ya taso, a yi ta ihu ana hoto, ni kuma kai ya kumbura.

Da damina ruwa ya fasa katangar tafkin, kada ya bi rafi. Maigida ya ce kar wanda ya ji, na ja bakina, Allah ya yafe mini.

Ran kwana na uku da hantsi, Mama Lami, mai sayar mana da ƙosai, ta sauka rafin wanke-wanke. Kun dai san mata, in sun goge kwano da yashi sai su buga shi a dutse. Ina kan gada na ji ƙwal, ƙwal, ƙwal. Na kurma ihu, "Mama, ki hau sama!" Ta ɗago ta ce, "Me ka ce, ɗana?" Sai ruwa ya dare. Kadan ya cafki hannunta ya murɗa, har kan gada na ji karyewar ƙashi. Da ƙyar aka ƙwato ta, babu hannun dama. Mazan unguwa suka sassare kadan da gatari da fartanya, suka zuba fetur, a idona ya zama toka.

Bayan sati na koma kwashe kayana da tsakar rana, tafkin ya tsiyaye ƙayau. Kwanon nan ya suɓuce mini, ya yi tsalle sau uku a siminti. Innalillahi! Sai ga jiƙaƙƙen sawun kada yana bayyana a busasshen siminti, yana nufo ni, ba kowa. Wani abu ya damƙi ƙwaurina ya maka ni da ƙasa. A asibiti likita ya ce, "Malam, wace dabba ce mai haƙora haka?"

Har yau ina ɗingishi, kuma a gidana da roba kawai ake cin abinci. Mama Lami tana sa mini albarka wai na yi mata ihu, ba ta san wanda ya koya wa kadan amsa kwano ba.

Don Allah in kun je kallon dabbobi, kar ku sa a kira muku naman daji saboda hoto. Ku za ku koma gida, shi kuwa ba ya manta kiran.