Sarkin Bola da Tankinsa

Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, muna tsaka da wanke daɓen masana'anta, mai gadi ya shigo ya ce Allah Ya yi maka rasuwa a asibiti bayan Azahar. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na ajiye tsintsiya na zauna a bakin kwata.

Injiniya, shekara goma sha ɗaya ina sharar wannan masana'antar jima, na san yadda take kafin zuwanka. Warin ɗakin jiƙa fata, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, yana bin iska har cikin ɗakunan maƙwabta. Mata ba sa shanya a waje, masu asma kullum suna hanyar asibiti. Sai ga ka da baro kana bin kamfanoni kana roƙon abin da suka zubar: garin katako, tokar tanderu, gutsattsarin bulo. Muka yi ta dariya, muka naɗa ka Sarkin Bola. Ka karɓi sarautar hannu bibbiyu, har kana tambayar yaushe za a kawo rawanin.

Ka jera tarkacen nan hawa-hawa cikin wani babban tanki, ka sa bututu yana turo iskar mai wari ta ƙasa. Ka ce akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna zama a jikin garin katakon muddin da danshi, warin kuma shi ne abincinsu. Ban yarda ba sai da na kai hancina saman tankin, na ji ƙamshin ƙasa kamar an yi yayyafi. Kowace safiya sai ka damƙi garin ka matse, ka ga ko yana son ruwa. Dabbobina kake ce musu.

Ni kuwa aikina ke nan, duk inda na ga baƙi da yauƙi in wanke. Ranar da aka ce masu duba tsafta za su zo, na leƙa tankin na ga ya yi kore-kore, na ce wannan zai ja maka abin kunya. Na juye masa bokiti biyu na ruwan bilic, ina ganin na kyauta. Garin neman gira na rasa ido, ashe bilic ɗin ya kashe dabbobin naka. Kwana biyu warin ya dawo, maƙwabta suka cika ƙofa, manaja ya rantse duk wanda ya taɓa tankin a bakin aikinsa. Marayu huɗu nake riƙe da su lokacin.

Ka shinshina garin, ka dubi hannuwana da bilic ya ci, ka gane. Ka shiga ofis ka ce kuskurenka ne. Aka dakatar da kai wata biyu, ƙarin girman da kake jira aka ba wani. Na bi ka bakin ƙofa ina kuka, ka ce, "Yaya, laifin wanda bai yi bayani ba ne. Share hawayenki, kuma kada ki faɗa wa kowa, ko a gidana." Duk da dakatarwar kullum sai ka zo. Ni da kai muka kwashe mataccen garin muka zuba sabo, ka koya mini yadda ake shayar da shi. Sati shida kafin iskar unguwa ta sake gyaruwa, ko sau ɗaya ba ka canza mini fuska ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya yalwata kabarinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Allah Ya ba 'ya'yanka da 'yan'uwanka haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Ke kuma uwargidansa, ƙanwata, da na zo gaisuwa kin riƙe hannuna kin ce sau ɗaya tak ya taɓa ɓata aikinsa, kuma har ya koma ga Allah ya ƙi gaya miki yadda aka yi. Ganin mutane sun cika ɗakin, na yi addu'a na fito. Yau na saɓa alkawarin da na yi masa, Allah Ya sa ya yafe mini. Mijinki bai taɓa ɓata aikinsa ba. Ni ce.